Na Je Kandi Ganin Hutun Rahila

Tun ranar da na sauko daga mota a tashar Kontagora ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da dawowa sai ta gyara zama ta ce, "Inna Ladi, yaya ƙasar Faransa?" Ƙasar Benin suke nufi. Na ba wannan rabi, na ba waccan rabi, har labarin ya yi ƙafa ya fita yawo, ina jin sa a bakin rijiya ɗauke da abin da ban faɗa ba. Wai an tsare ni a kan iyaka. Wai Rahila ta rasu. Ba wanda ya tsare ni, Rahila kuwa tana nan da ranta, ta ma fi ni ƙiba. Shi ya sa na ce a samo mini mai alƙalami, tun da ni ban taɓa zama a aji ba, in faɗa sau ɗaya daga tushe har ƙarshe. To ku gyara zama.

Sai na fara da dalilin tafiyar, don ba marmarin ganin gari ya fitar da ni ba. Kun san sana'ata. Tun ina amarya nake dafa kalwa a bayan ɗakina, a kan murhun da uwar mijina ta bar mini, Allah ya ji ƙanta. Da daddawa na tufatar da 'ya'ya, da ita na aurar da mata, da ita na riƙe gida bayan Malam ya koma ga Ubangijinsa. To, da kakar da ta wuce, babban yarona da ke aiki a Minna, wanda ba na kama sunansa, ya zo ya tarar da ni ina tari a cikin hayaƙi. Ya zauna a kan turmi.

Can ya ce, "Inna, ya isa haka. Na gina miki ɗaki, har da banɗaki a ciki. Yanzu wa ke neman daddawa? Kowa ɗan dunƙulen kanti yake jefawa a miya. Ki kashe wutar nan ki zo ki huta."

Na ce, "Na ji."

Ya ce, "Na san wannan na ji ɗin taki. Kafin ɗorawa ta nuna nake son amsa. In kika sayi kalwar bana, shi ke nan an sake shekara."

Yaron bai yi ƙarya ba. Gwiwa ta fara yi mini gardama, ido yana ruwa, masu saye kuma sun ragu. Sai dai ni ban san mene ne hutu ba. Ban taɓa ganin sa a jikin wani da na yarda da shi ba. Ina cikin wannan tunani na tuna da Rahila.

Yaran yanzu ba su san ta ba. Badukkiya ce daga Tungan Magajiya, Kirista, doguwa, mai dariyar da ake ji daga bakin titi. Tun muna da goyo take kawo mini kalwa. Ita ke bin ƙauyuka ta tara, ta wanke a rafi, ta shanya, ta hau babbar mota da buhu, ta sauka a tasha ta ɗora a ka har ƙofata. Takan kwana a wurina ta koma washegari. In lokacin salla ya yi ta riƙe mini wuta. In Kirsimeti ta zo ta kawo mini kaza da ranta, ta ce mu yanka da hannunmu yadda addininmu ya ce. Haka muka yi har gashinmu ya yi fari. Da mijinta ya rasu, ɗanta Iliya, wanda ke gyaran manyan motocin auduga a wani gari Kandi cikin ƙasar Benin, ya zo ya ɗauke ta, ya ce ta daina ɗaukar kaya.

Na ce wa yaron Minna, "Rahila ta riga ni sauke kaya. Zan je in ga abin da hutu ya yi mata, sannan in ba ka amsa."

Ya ce ba zan tafi ni kaɗai ba. Aka haɗa ni da ƙanena Bawa, tsohon direban tankar ruwa, wanda tun da ya ajiye aiki yake zaune a gindin mangwaro yana kwance rediyon da ba abin da ya same ta. Ya buga ƙirji ya ce, "Yaya, kada ki damu. Na taɓa kai albasa Gaya ta Nijar. Faransanci a bakina kamar ruwa."

Muka tashi bayan sallar asuba a motar Yawuri. Tsarabata ga Rahila ita ce daddawar ƙarshe da na yi, na jera ta a kwano mai murfi, na naɗe da zane, na ɗora a cinya. Da sanyin safiya ba wanda ya san da ita. Rana na ɗagawa mota ta ɗau zafi, sai abar ta fara gaishe da mutane. Wata yarinya a gefena ta ja mayafi ta toshe hanci. Wani ya sauke gilashi. Direba ya leƙo ta madubi ya ce, "Jama'a, wa ya ɗauko mana gawa bai faɗa ba?"

Na ce, "Ɗana, da wannan gawar uwarka ta raine ka har ka kai sitiyari."

Mota ta kwashe da dariya, shi ma ya yi. Amma duk da haka sai da ya tsaya ya ɗaure kwanona a saman mota tare da buhunan masara. Duk ramin da muka faɗa sai zuciyata ta hau sama ta duba shi.

Tun da abin yana raina, na ƙudurta duk wanda na zauna da shi sai na tambaye shi. Na ce, "Direba, kana son aikin nan naka?"

Ya ce, "Inna, ana son aiki ne? Mota ta maigida ce, hanya ta Allah ce. Bayana kaɗai ne nawa, shi ma ciwo yake."

Bawa ya ce, "Bari ka ajiye makulli ka ji, yaro. Ni har yau in tanka ta wuce, ƙafata neman burki take."

Direba ya ce, "To Baba, zo mu yi musaya, ka ba ni inuwar taka."

Na ajiye maganar kowannensu a gefe guda.

A Yawuri muka ci soyayyen kifi mai zafi, irin wanda ba ya isowa Kontagora sai ya bushe. Muka sake mota zuwa Koko, daga can muka karkata yamma ta Bagudo. Da muka hau gadar Kwara na rufe ido ina salati, don ruwan ba shi da ƙarshe a ganina. Bawa yana ta zungurata wai in duba masunta, na ce ya gaishe su. Bayan Ka'oje hanya ta lalace, motar ta fara tafasa kamar tukunyata. Sai a tsaya, a zuba mata ruwa, a jira ta huce. A nan Bawa ya sami abin yi, ya tuɓe babbar riga ya shige gaban mota yana ba direba umarni, har ya ƙona yatsa. Ban taɓa ganin sa da fara'a irin ta ranar ba tun da ya bar aiki.

Ba mu isa Tsamiya, garin kan iyaka, ba sai da magariba, aka ce ƙetarewa sai da safe. Aka nuna mana gidan wata dattijuwa Badandiya mai saukar da fatake. Maza a zaure, mata a wani dogon ɗaki da tabarmi. Ta kawo mana tuwon masara da miyar kuɓewa. Miya ta ji nama, ta ji mai, amma salam take kamar gaisuwar wanda ba ya son ka. Na kwance kwanona na gutsura mata kaɗan, na ce gobe ta gwada. Ta shinshina ta ce rabonta da irin wannan tun tana gidan ubanta.

Da safe na same ta tana kaɗe tabarmi, na yi mata tambayata. Ta ce, "'Yar'uwa, wahala ce. Wani ya ci ya zage ki, wani ya tafi da bargonki. Amma ran da ba baƙo, gidan nan girma yake yi mini, har in rasa inda zan zauna a cikinsa."

A kan iyaka ne Faransancin Bawa ya fito. Namu jami'an suka duba katinmu suka ce mu wuce. Da muka isa wurin jandarman wancan ɓangare, Bawa ya ƙame, ya sara masa, ya saki wasu kalmomi ta hanci. Jandarman ya dube shi sama da ƙasa, ya ce da Hausa tsantsa, "Baba, yi Hausa kawai, kada ka ji wa harshenka rauni."

Ya nemi takardar allura, muka nuna. Ya ce a buɗe kwano. Na ce, "Ɗana, ka tabbata?" Ya ce doka ce. Da na ɗaga murfi ya ja da baya taki guda, sannan ya dawo ya sunkuya. Ya ce tasu ba a faɗaɗa ta haka, dunƙulawa ake yi, amma warin ɗaya ne da na ɗakin kakarsa. Na ba shi guda biyu, ya ƙi, na ce kyautar uwa ce ba ta hanya ba, ya karɓa da hannu biyu. Shi ma ban ƙyale shi ba. Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Mama, aikina in buɗe kayan mutane in rufe. Mahaifina auduga yake nomawa. Shi in ya waiwaya da yamma yana ganin inda ya wuce." Daga nan ya ɗaga mana sanda muka shige. Wannan ita ce tsarewar da ake ta yaɗawa.

Daga Sagbana, garinsu na farko, zuwa Kandi ido ya ga abin gani. Manyan motoci shaƙe da auduga, tana zuba a gefen hanya har ciyawa ta yi fari. Mata a kan babur, su da kansu ke tuƙawa, goyo a baya, kwando a gaba, ba mai kallon su. Na ce da a Kontagora ne da an yi mako ana zancen. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, mutum ya saƙala shi a hammata ba ko leda ya kama hanya. Da rana ta take kuwa sai gari ya mutu, a rufe shaguna, kowa ya je ya kwanta. Na tambaya ko rasuwa aka yi, aka ce a'a, haka suke kullum. Na ce lalle na zo ƙasar da ta san hutu. Gaisuwarsu dai irin tamu ce, yaro ya durƙusa har ƙasa, a daɗe ana tambayar gida.

Gidan Iliya na siminti ne, da tayil a ƙasa, da fanka a sama. Muna shiga na ga wata mata a kujera, ta cika kujerar, da tabarau, da atamfa mai sheƙi. Ta miƙe tana kallona.

Ta ce, "Ladi, ke ce ko hayaƙinki ne ya rigo ki?"

Na ce, "Wace matar gwamna ce wannan ta haɗiye mini Rahila?"

Sai dariyar nan tata ta fashe, wadda na yi shekaru ban ji ba. Muka rungume juna muna kuka muna dariya. Na kama hannunta, na ji shi laushi kamar na jariri. Wuyanta da na sani a karkace saboda buhu ya miƙe. Iliya ya durƙusa ya gaishe ni, matarsa Mariya, 'yar Bargawa ce mai ɗinki, ta kawo sakwara da miyar gyaɗa da wani jan cuku na Fulani da suke soyawa kamar nama. Da aka buɗe tsarabata Rahila ta ɗauki guda ta kai hanci ta lumshe ido, ta ce, "Kontagora ke nan."

Na zauna na zuba ido, don abin da ya kawo ni ke nan. Ba zan ɓoye muku ba, rama na zo nema a jikinta. Na ɗauka zan tarar da ita ta yi zuru tana kewar kasuwa, in koma in ce wa yarona ga abin da hutu ke yi wa mutum. Ban samu ba. Ta tashi da hantsi ta sha shayi da dogon burodi. Ta yi wasa da jikoki. Ta je coci koyon waƙa da 'yan'uwanta mata, har ta iya wasu da yarensu. Ta yi barcin rana ta tashi tana miƙa. Ni kuwa tun kafin kiran salla idona biyu, hannuna yana neman abin kamawa. Na ɗauki tsintsiya, Mariya ta ƙwace. Na ɗauki wanke-wanke, ta ƙwace. Na zama kamar kayan ado da aka ajiye a kan kabad.

Da la'asar mukan zauna a inuwa mu yi ta tuna da. Lokacin da ɗorawa ta cika dajin Rijau kafin masu gawayi su shiga mata. Yadda yara ke dawowa da baki rawaya sun sha garinta. Yadda mata ke layi a ƙofata ran da na buɗe sabuwa, kowa da ƙoƙonta, har daga Bobi matan Fulani ke aiko saƙo. Yadda muke kwana a tabarma ɗaya, ita ta yi addu'arta ni in yi tawa, mu raba goro.

Ran kasuwar Kandi muka fita. A layin masu hatsi na hango ta, kalwa baƙa mai sheƙi cike da kwarya. Ban san lokacin da na tsoma hannu har wuyan hannu ba. Na ce, "Rahila, mu dafa tukunya ɗaya don tuna da."

Ta ce, "Ki dafa. Ni zan ɗauko kujera in kalle ki."

Na ɗauka wasa take. Iliya ya saya mana, aka aro tukunya da turmi a maƙwabta, Bawa ya jera duwatsu a bayan gida. Na hura wuta tun da sassafe. Kalwa ta wuni tana dahuwa, na surfa ta a turmi ɓawon ya saki, na zauna wankewa. Jikina duk ya warware, gwiwar ma ta manta da gardamarta. Rahila kuwa da gaske take, tana kujera ta juya wa hayaƙi baya, tana fifita.

Ina tsame ɓawo na ce, "Uwar Iliya, tsakaninki da Allah, ba kya kewar aikinmu?"

Ta ce, "Ko kaɗan."

Na ɗago kai.

Ta ce, "Ladi, ban taɓa son sa ba. Ko rana ɗaya. Bin ƙauyuka a ƙafa, tsayuwa a rafi har ƙafa ta yi fari, buhun nan da ya karya mini wuya. Ran da Iliya ya ce na daina, na shiga ɗaki na yi rawa."

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Ni duk tsawon shekarun nan na ɗauka abu ɗaya muke riƙe da shi, ita ta kama can ni na kama nan. Na ce, "Ashe duk zuwan da kike yi ƙofata, da ƙin abin da ke kanki kike zuwa? Ina yabon kalwarki kina dariya, ashe dariyar wauta kike yi mini?"

Ta ce, "Ban ce haka ba."

Na ce, "Kin faɗa. Kin ƙoshi yanzu, sana'ar da ta ciyar da ke ta zama abin ƙyama."

Ta ce, "Ke dai har yanzu bakinki ya fi wutarki zafi."

Na yi banza da ita. Na mayar da kalwa wuta da kanwa, ta yi laushi, na tsane ta. Saura rufewa. To a nan akwai doka, duk mai wannan sana'a ta san ta. In an zo shimfiɗa kalwa a lulluɓe ta don ta nuna, ba a yi da fushi a zuciya. In kin yi faɗa, ko ki shirya da mutum tukuna, ko ki kira wata ta rufe miki. Haka muka tarar, haka muke yi.

Rahila ta taso daga kujera ta ce, "Ladi, kada ki rufe yanzu. Kin san doka. Kawo in rufe miki."

Na ce, "Ina ruwanki da dokar aikin da ba kya so?"

Ba kwando a gidan, sai wata sabuwar robar wanki. Na shimfiɗa ganye, na juye kalwa da zafinta, na yayyafa toka, na lulluɓe da buhuna da tsumma, ina yi ƙirjina yana tafasa. Na kai ɗakin ajiya na ja ƙofa.

Kwanakin da kalwa ke ɗauka ta nuna, mu ma muka ɗauke su ba ma magana sai ina kwana, lafiya lau. Tsofaffi biyu a gida ɗaya, kowa ta kumbura. Iliya ya rasa inda zai sa kansa. Mariya da ba ta jin Hausa sosai sai ta yi ta ƙara mana nama a miya.

Da safiyar buɗewa na shiga ɗakin ajiya. Tun daga ƙofa na san ba lafiya, don daddawar da ta yi tun daga nesa take sallama, ta daki hanci har ido ya kawo ruwa. Wannan tsami na ji. Na ɗaga buhu. Ƙwaya na nan da taurinta, ba yauƙi, fumfuna ta hau ta yi toka-toka. Ta mutu.

Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni zaune a kan tayil ina kuka. Ba hawaye na tsufa ba, kuka sosai, da sauti. Bawa ya leƙo ya ce, "Haba Yaya, ɗakin nan sanyi gare shi, ga tayil, ga roba. Ko wa ya rufe ba za ta yi ba." Na ce ya fita. Har yau shi yana kan bakansa, ni ina kan nawa.

Sai na ji an dafa kafaɗata. Rahila ce, tana ta nishi tana neman yadda za ta kai jikinta ƙasa. Ta zauna kusa da ni, ta leƙa robar, ta yamutsa fuska.

Ta ce, "Kin tuna shekarar da motarmu ta kife a kwalbatin hanyar Rijau, buhuna ya fashe a cikin ruwa?"

Na gyaɗa kai.

Ta ce, "Kalwar wata guda ruwa ya tafi da ita. Na tsaya ina kallo. Kin san abin da na ce a raina? Na ce yau dai wuyana ya huta. Ke kuwa dubi. Ba wanda ya ce ki yi wannan. Ba mai jiran ta. Ba a garinku kike ba. Kina kuka kamar an aiko miki da rasuwa."

Na share fuska da bakin zane.

Ta ce, "Bawa ya gaya mini maganar ɗanki. Kin zo ki gwada hutuna ne ki ga ko zai shige ki. Ba rigarki ba ce, Ladi. Ni kaya na sauke. Ke in kika kashe wutar nan ban san me zai rage ba."

Na ce, "To me ya sa kika yi ta zuwa, tun da ba kya so?"

Ta ce, "Wace mata ce mijinta zai bar ta ta je Kontagora ta kwana ba dalili? Akwai masu saye a Rijau, kusa da gida. Buhun nan shi ne dalilina. Ƙofarki nake zuwa, wawuya."

Na kama hannun nan nata mai laushi na riƙe. Muka daɗe a haka a ƙasa, ga ruɓaɓɓiyar kalwa a gabanmu, har Mariya ta zo ta tarar ba mai iya tashi a cikinmu, sai da ta kira Iliya ya ɗaga mu ɗaya bayan ɗaya. Muka kai robar bayan gida muka binne abin tare. Wannan karon ita ta riƙe fartanya.

Ran da za mu taso ta raka mu tasha. Ta ba ni turmin atamfa da jan cuku. Ba wadda ta ce sai wata rana, don mun san shekarunmu, mun kuma san hanyar. Ta ɗora hannu a kaina ta yi mini addu'a irin tasu, na ce amin. Na yi mata tawa, ta ce amin. Mota ta tashi, na waiwaya na gan ta tsaye, doguwa, ba komai a kanta. Ban taɓa rabuwa da ita a tasha na gan ta haka ba.

Dawowa ba wani labari. Bawa ya sayo dogon burodi tsaraba, kafin mu kai Yawuri ya zama icce, matarsa ta ce za ta riƙa korar awaki da shi. Mun iske ɗorawa ta fara ja a kan itatuwa.

Ba a yi mako ba yaron Minna ya zo. Ya gaishe ni, ya tambayi hanya, ya tambayi Rahila. Na ce tana lafiya, hutu ya karɓe ta, ta yi kyau. Fuskarsa ta washe, ya ce, "To kin gani, Inna."

Na ce, "Na gani. Ita ya karɓa."

Na kwashe labarin tukunyar Kandi na gaya masa, ban rage komai ba. Na ce babbar tukunya na bar ta, gwiwa ba za ta iya ba, ƙarama zan riƙa ɗorawa. Na ce ɗakin da ya gina Allah ya yi masa albarka, zan riƙa zuwa ina kwana biyu. Amma kalwar bana zan saya, ko da a hannun wanda ban sani ba ne, wanda zai auna mini ya juya ya tafi ba tare da ya zauna ya sha ruwa ba.

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Har yaushe, Inna?"

Na ce, "Har ran da zan buɗe tukunya in tarar ta lalace, in ji ban damu ba. Ranar zan sa a kira ka. Ka zo da motarka, ba sai ka roƙe ni ba."